Hutu da Tutsi: Yadda Mulkin Mallaka Ya Mayar da Matsayi Jini

A watan Mayun 1894 wani Bajamushe mai suna Gustav Adolf von Götzen ya keto ƙasar Ruwanda da ayarinsa na 'yan dako da 'yan bindiga, har ya isa gaban Sarki Kigeri Rwabugiri. Shi ne Bature na farko da ya yi ido huɗu da sarkin wannan ƙasa mai tuddai, wadda ta daɗe da rufe ƙofarta ga baƙi, har fataken bayi da suka addabi maƙwabtanta ba su samu hanyar shiga ba. Sarkin bai san cewa tun 1890 Ingila da Jamus sun zauna sun ja layi a kan taswira, ƙasarsa ta faɗa rabon Jamus ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan illa wanda shi ma bai sani ba. Shekara 30 kafin wannan ganawa an riga an rubuta wa mutanen yankin asalinsu a Landan, kuma wanda ya rubuta bai taɓa taka Ruwanda ba.

Mutumin shi ne John Hanning Speke, hafsan sojan Ingila da ya yi aiki a Indiya kafin ya shiga neman mafarin kogin Nilu. A tafiyarsa ya sauka Karagwe, a arewa maso yammacin Tanzaniya ta yau, ya wuce Buganda, ya ga masarautu masu fada da fadawa da haraji da runduna. Abin ya ɗaure masa kai, domin a karatun da ya tashi da shi baƙar fata ba ya iya kafa daula. Da ya tashi warware wannan ƙulli, karatun nasa ya bari yadda yake, mutanen ya sauya wa asali. A littafinsa na 1863 ya ce makiyayan nan dogaye da ke mulkin waɗannan ƙasashe zuriyar wasu mayaƙa ne da suka gangaro daga Habasha da shanunsu, suka mallake baƙaƙen da suka tarar. Bai kawo hujjar harshe ba, bai kawo ta tarihi ba. Siffar fuska ya duba, ya haɗa da abin da ya karanta a Baibul.

Nan ne sunan Ham ɗan Annabi Nuhu ya shigo maganar. Ƙarni bayan ƙarni masu cinikin bayi suna fakewa da labarin cewa an la'anci Ham, baƙar fata zuriyarsa ne, don haka bauta gadonsu ce. Malaman yankinmu sun daɗe da rushe wannan zance. Ahmad Baba na Timbuktu, a fatawar da ya rubuta wajen 1615 kan waɗanda ya halatta a bautar, ya bi sahun Ibn Khaldun wajen ƙin haɗa launin fata da la'ana, har ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da ba a bautar da mutanensu. A Turai kuwa labarin rikiɗa ya yi. Bayan Napoleon ya shiga Masar a 1798, masanan da ya tafi da su suka ga dala da gine-ginen Fir'aunoni, sai tambaya ta taso: yaya aka yi 'yan Afirka suka gina wannan? Mafitar da aka samo ita ce a ce zuriyar Ham wani reshe ne na farar fata da launinsa ya yi duhu. Daga nan duk inda Bature ya ga sarauta ko ƙira ko ganuwa a Afirka, sai ya shiga neman ɗan Ham ɗin da ya kawo ta daga arewa. A 1930 Farfesa C. G. Seligman ya tattara wannan ra'ayi a littafinsa kan jinsunan Afirka, aka yi ta sake buga shi har bayan ƙasashe da yawa sun samu 'yancin kai.

To, me Turawa suka tarar a ƙasa? Duk wanda ya ce Ruwanda aljanna ce kafin zuwansu bai yi wa tarihi adalci ba. Daula ce mai tsarin kashin dankali, manya a sama suna danne ƙanana. A ƙoli akwai sarki, mwami, daga gidan Nyiginya, kewaye da manyan gidajen Tutsi masu garken shanu. Saniya ita ce dukiya, ita ce sadaki, ita ce hatimin alkawari. Akwai barantakar da suke kira ubuhake, inda mai shanu zai ba mara shi saniya ya riƙa shan nononta, shi kuma ya yi masa hidima a madadin kariya. A zamanin Rwabugiri, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, fada ta ƙara matsa wa manoma, ta ɗora musu aikin tilas mai suna uburetwa a gonakin hakimai, kuma Hutu kaɗai aka ɗora wa. A can ƙasan kowa akwai Twa, mafarauta da maginan tukwane, waɗanda sauran jama'a ke ƙyamar cin abinci tare da su.

Duk da haka waɗannan mutane harshensu ɗaya ne, Kinyarwanda. Sunan Ubangiji a bakinsu ɗaya ne, Imana. A tudu ɗaya suke zaune, gida kusa da gida, babu yankin da za a nuna a ce nan ƙasar Tutsi ce zalla. Manyan dangoginsu, irin su Abasinga da Abagesera da Abazigaba, kowanne yana da Hutu da Tutsi da Twa a cikinsa. Gidan Hutu da ya tara shanu, ya kusanci fada, ya auri 'yar manya, yakan wayi gari bayan tsara ɗaya ko biyu ana lissafa shi Tutsi. Gidan Tutsi da annobar shanu ta talauta yakan gangara. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma hanyar tana nan. A gunduma guda kuma sarakuna uku ne ke iko, na gonaki da na makiyaya da na yaƙi, kuma ba abin mamaki ba ne a samu na gonakin Hutu ne. Talakan da ɗaya ya zalunta yana iya kai kuka wurin ɗayan. A arewa da kudu maso yamma akwai ƙananan masarautun Hutu da ba su taɓa miƙa wuya ga fadar tsakiya gaba ɗaya ba.

Dabarar mayar da matsayi jini ba a Ruwanda aka fara gwada ta ba, kuma wanda ke son ya gane abin da aka yi a can sai ya leƙa Indiya. Rabon mutane gida-gida bisa haihuwa ya daɗe a Indiya tun kafin a san Ingila: Brahmin a sama, waɗanda ake cewa taɓa su ƙazanta ne a ƙasa. Zalunci ne tsoho, na gida. Sai dai rukunonin dubbai ne, matsayinsu yana bambanta daga lardi zuwa lardi, wasu na hawa wasu na sauka. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Herbert Risley ya ɗauki ma'auni ya bi mutanen Bengal yana auna kawunansu da hancinsu, ya fito a 1891 da sakamakon cewa gwargwadon sirantakar hancin mutum, gwargwadon ɗaukakar gidansu. A wurinsa na sama jikokin fararen Aryan ne da suka ci ƙasar da yaƙi, na ƙasa kuma jikokin baƙaƙen da aka ci. Da aka ba shi jagorancin ƙidayar 1901, sai ya sa aka jera rukunonin daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Takardun koke suka yi ta kwarara ofishinsa, kowane rukuni yana neman a ɗaga shi sama da maƙwabcinsa, domin kowa ya gane cewa abin da gwamnati ta rubuta shi zai zauna. Tun kafin nan, dokar 1871 ta ayyana wasu al'ummomi sukutum a matsayin masu laifi ta gado, jariri ya faɗo duniya sunan gidansu yana rajistar 'yan sanda. Bayan tawayen 1857 kuma an ware wasu, kamar Sikh da Gurkha, an ce su ne jinsin da aka halitta don soja.

Waɗanda aka danne a Indiya sun amsa ta hanya biyu, kuma bambancin yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Jyotirao Phule, a littafinsa na 1873, ya karɓi labarin Aryan ya juya shi: idan Brahmin baƙi ne da suka zo da yaƙi, to na ƙasa su ne masu ƙasa. B. R. Ambedkar, wanda shi kansa daga gidan da ake ƙyama ya fito, kuma ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya ƙi labarin ɗungurungum. Ya ce rabon nan ba na jinsi ba ne, mutane ɗaya ne aka yanyanka su, abin yi shi ne a rusa shingen.

Mu koma Ruwanda. Rwabugiri ya rasu a 1895. A shekara mai bi matarsa Kanjogera da ɗan'uwanta Kabare suka kifar da magajinsa Rutarindwa a Rucunshu, suka ɗora ɗanta Musinga yana yaro. Gadon sarautar da aka hau da jini yana buƙatar majingina, shi ya sa fada ta karɓi kariyar Jamus a 1897. Jamusawan ba su da yawa, sun bar sarauta ta yi musu aiki, su kuma suka ba ta aron bindiga. Da mutanen arewa suka yi bore ƙarƙashin Ndungutse a 1912, sojan Jamus da mayaƙan fada ne suka murƙushe su tare, aka ƙona gidaje, aka ɗora musu hakimai Tutsi daga kudu. Limaman Katolika na ƙungiyar Fararen Fada sun kafa mishan ta farko a Save a 1900. Razdan Richard Kandt ya kafa Kigali a 1907, kuma a wannan shekarar ayarin bincike na Duke na Mecklenburg ya iso da masanin da ya yi ta auna tsawo da ƙoƙon kai da hanci. Waɗanda Turawa suka fi gani da ɗauka a hoto su ne dogayen 'ya'yan fada masu shan madara, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Da su aka yi wa Tutsi duka siffa, alhali mafi yawan Tutsi talakawa ne masu 'yan shanu kaɗan, da wuya ka bambanta su da maƙwabtansu.

Sojojin Beljiyam sun kori Jamusawa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka damƙa musu Ruwanda da Burundi amana. Su ne suka yi aikin da ya kafe komai. Babban limamin Katolika na ƙasar, Léon Classe, ya shawarci gwamnati da kakkausar murya cewa Tutsi an haife su ne don mulki, kuskure ne babba a nemi maye gurbinsu. Daga 1926 Razdan Georges Mortehan ya fara haɗe sarautun nan uku na kowace gunduma a hannun mutum ɗaya, aka yi ta sauke masu sarauta Hutu. Ƙananan masarautun Bukunzi da Busozo a kudu maso yamma an shafe su a shekarun 1920. Sarki Musinga da ya ƙi karɓar Kiristanci, a Nuwamban 1931 aka tuɓe shi aka kore shi, ya ƙare rayuwarsa a Kwango a 1944. Ɗansa Mutara Rudahigwa, wanda limaman suka rena, shi aka naɗa. Sakamakon wannan gyara ya fito ƙarara a alƙaluman 1959: cikin manyan hakimai 45, guda 43 Tutsi ne, cikin ƙananan hakimai 559 kuma 549.

Makaranta ta bi sahun sarauta. Babbar makarantar Astrida, garin da aka sani da Butare daga baya, ita ke horar da ma'aikatan gwamnati, kuma 'ya'yan manyan Tutsi ne suka cika ta. Ɗan Hutu mai ƙwaƙwalwa ƙofar da ta fi buɗe masa ita ce makarantar horar da limamai a Kabgayi da Nyakibanda, in ya fito bai zama limami ba sai ya ƙare a malamin firamare ko akawu. A karkara kuwa aikin tilas ya ninka. Uburetwa da a da gida guda ke tura mutum ɗaya, yanzu ya hau kan kowane namiji baligi. Ga aikin hanya, ga noman kofi na dole, ga haraji. Bature zai yanka wa hakimi adadi, in bai cika ba a ci shi tara ko a sauke shi, shi kuma ya sauke fushinsa a bayan talaka da bulala. Dubban mutane suka tsere Yuganda neman ƙodago. Manomin da aka zane bai cika ganin Bature ba. Fuskar da ya gani riƙe da bulalar ta Tutsi ce, ita ya riƙe a ransa.

Sai kati. A ƙidayar 1933 zuwa 1934 aka fara ba kowane baligi takardar shaida da aka rubuta masa ko Hutu ko Tutsi ko Twa. Lissafin ya tsaya a kusan kashi 84 cikin 100 Hutu, 15 Tutsi, 1 Twa. Ɗa yana bin ubansa, ko uwarsa wace ce. Daga ranar hanyar hawa da sauka ta toshe. Tara shanu ba ya sauya abin da aka rubuta, talauci ma haka. Wannan 'yar takarda ita ke faɗin wanda zai shiga makaranta, wanda zai samu aikin gwamnati, wanda za a kama aikin hanya. A ganina nan ne laifin Beljiyam ya fi girma. Fifikon sun tarar da shi, amma su ne suka ce halitta ce, suka koyar da shi a aji, suka buga masa hatimi. Sun kuma ɗora masa abin da babu shi a da, wato cewa kashi ɗaya na al'ummar baƙi ne.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙon wannan tunani ba ne, domin guguwarsa ta biyo ta kanmu. Lugard, wanda aka haifa a Madras ta Indiya a 1858, ya kuma yi aiki a Yuganda kafin ya zo nan, yana kallon Fulani a matsayin jinsi na dabam da ya fi sauran baƙaƙe basirar mulki, ko da yake shi ne ya ci su da yaƙi a 1903. Masanin harsuna na Jamus Carl Meinhof ya sa Fillanci cikin harsunan zuriyar Ham a 1912, aka daɗe ana lissafa Hausa ma a wannan rukuni, sai a shekarun 1950 Joseph Greenberg ya nuna cewa rukunin kansa ba shi da tushe. Da irin wannan tunani Turawa suka ɗora hakimai da ma'aikata daga masarautu a kan al'ummomi da dama na tsakiyar Nijeriya da ba Musulmi ba, har da waɗanda Daular Usmaniyya ba ta taɓa cin su ba, abin da masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi guda a kansa. Tarihinmu da na Ruwanda ba ɗaya ba ne, ba a raba mana katin jinsi ba. Amma duk wanda ya san yadda rigimar ɗan ƙasa da baƙo ke cin rayuka a wasu garuruwanmu zai karanta abin da ya biyo baya da faɗuwar gaba.

Manyan Tutsi sun karɓi labarin da aka ba su, domin yana yi musu daɗi, yana kuma halatta kujerunsu. 'Yan bokon Hutu su ma sun karɓa, amma ta ɗaya fuskar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iska ta sauya. 'Yan bokon Tutsi suka fara maganar 'yancin kai da gaggawa, abin da ya sa Beljiyam ta fara yi musu kallon butulai. Sababbin limaman da ke zuwa kuma da yawansu 'yan yankin Flanders na Beljiyam ne daga gidajen talakawa, waɗanda su ma suka sha raini a hannun masu jin Faransanci a ƙasarsu, sai tausayinsu ya koma kan Hutu. A Maris na 1957 wasu 'yan boko Hutu su 9, ciki har da Grégoire Kayibanda, editan jaridar cocin mai suna Kinyamateka, suka fitar da takardar da aka sani da Bayanin Bahutu. Kokensu na gaskiya ne: an hana su ilimi, an hana su muƙami, an bar su da aikin tilas. Sai dai sun zuba shi a mazubin Speke. Sun kira matsalar mamayar wani jinsi a kan wani, suka kuma nemi kada a cire sunan jinsi daga katin shaida, don a riƙa ganin wa ya samu me. Hanyar Phule suka bi, ba a samu Ambedkar a cikinsu ba. A 1958 wasu dattawan fada su 12 suka mayar da martani da cewa babu 'yan'uwantaka tsakaninsu da Hutu, kakanninsu da yaƙi suka mallake su. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan ƙarya ɗaya.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Sarki Rudahigwa, wanda ya soke ubuhake a 1954, ya mutu kwatsam a Bujumbura a Yulin 1959. Ranar 1 ga Nuwamba wasu matasa magoya bayan sarauta suka lakaɗa wa Dominique Mbonyumutwa duka, ɗaya daga cikin ƙananan hakimai Hutu 'yan ƙalilan. Jita-jitar mutuwarsa ta bazu, aka shiga cinna wa gidajen Tutsi wuta. Kanar Guy Logiest da Beljiyam ta turo ya kwantar da tarzomar ya fito fili ya goyi bayan Hutu, ya yi ta sauke hakimai Tutsi yana naɗa Hutu. Reshe ya juye da mujiya, kuma hannun da ya dasa shi ne ya juya shi. Ranar 28 ga Janairun 1961 aka ayyana jamhuriya a Gitarama, ƙuri'ar raba gardama ta Satumba ta kawar da sarauta, ranar 1 ga Yulin 1962 aka ba da 'yancin kai, Kayibanda ya zama shugaba. Tutsi fiye da 100,000 sun riga sun tsallaka Yuganda da Burundi da Kwango da Tanganyika. Cikin waɗanda aka goya aka gudu da su akwai Paul Kagame, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar.

Jamhuriyar ta kori sarki, ta sallami Bature, ta riƙe katin. A makarantu aka ci gaba da koya wa yara cewa Tutsi baƙi ne da suka zo suka ƙwace ƙasa. Duk lokacin da 'yan gudun hijira suka kawo hari daga waje, Tutsi na cikin gida ke biya, kamar yadda aka kashe dubbai a Gikongoro a Disambar 1963. Kisan da sojojin Burundi ƙarƙashin shugabancin Tutsi suka yi wa Hutu fiye da 100,000 a 1972 ya ƙara hura wutar tsoro. Juvénal Habyarimana, ɗan arewar nan da aka murƙushe a 1912, ya ƙwace mulki a 1973, ya tsaurara tsarin kaso da ya taƙaita wa Tutsi gurabe a makarantu da aikin gwamnati daidai adadinsu a ƙidaya. Da katin ake tantancewa.

Ranar 1 ga Oktoban 1990 'ya'yan waɗancan 'yan gudun hijira suka shigo daga Yuganda da makamai ƙarƙashin ƙungiyar RPF. A Nuwamban 1992 wani jigon jam'iyya mai mulki, Léon Mugesera, ɗan boko mai digirin digirgir, ya tsaya gaban taro a Kabaya ya ce Tutsi gidansu Habasha ne, kuma ta kogin Nyabarongo za a mayar da su. Kogin nan ruwansa yana shiga Kagera, ya zuba a Tafkin Victoria, ya bi Nilu ya yi arewa. Hasashen da wani matafiyi ya yi a 1863 ne ya fito daga bakin ɗan ƙasa a matsayin umarnin kisa. Yarjejeniyar sulhu ta Arusha ta Agustan 1993 ta tanadi a goge sunan jinsi daga katin shaida, ba a aiwatar ba. Daren 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin Habyarimana a Kigali. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a tituna, kuma abin da ake fara tambaya a kowane shinge shi ne kati. Da siffa ta isa a gane mutum, da ba a nemi takarda ba. A cikin kwana 100 aka kashe mutane kusan 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawansu Tutsi, tare da Hutu da suka ƙi ba da haɗin kai, akasari da adda da kulki. Dubban gawarwaki suka bi kogin har gaɓar tafkin a Yuganda.

Ba na cikin masu ɗora wa Beljiyam komai su wanke waɗanda suka kashe. Mutanen da suka tsara jerin sunaye, suka sayo adduna, suka yi ta kira a gidan rediyon RTLM, 'yan Ruwanda ne masu hankali da suka zaɓi abin da suka yi don kada mulki ya kuɓuce musu, shekara 32 bayan tafiyar Bature. Akwai kuma Hutu da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu suka rasa rayukansu a kan haka, alhali darasi ɗaya aka koya musu duka. Amma makamin da masu kisan suka ɗauka a shirye suka same shi: al'umma da aka raba a rubuce, da labarin da ya ce ɗaya ɓangaren ba nan ne gidansu ba. An taso ƙeyar Mugesera daga Kanada a 2012, kotu a Kigali ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. A 2017 Paparoma Francis ya nemi gafara kan rawar da Cocin Katolika da wasu limamanta suka taka a kisan.

Gwamnatin da ta hau bayan 1994 ta cire sunan jinsi daga katin shaida, ta ce kowa ɗan Ruwanda ne kawai, ta kafa dokoki masu tsanani kan raba kan jama'a, waɗanda masu suka ke cewa ana amfani da su wajen rufe bakin 'yan adawa. Waɗanda wannan tsari ya bari a tsaka mai wuya su ne Twa. Su ne a ƙasa a zamanin sarakuna, su ne a ƙasa a ma'aunin Turawa, jamhuriyoyin Hutu ba su tuna da su ba, an kuma fitar da su daga dazuzzukan da suke farauta da sunan kare gandun daji. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku nasu sun mutu a 1994. Yau hukuma tana kiransu mutanen da tarihi ya mayar saniyar ware, ba ta ambatar sunansu, kuma babbar ƙungiyarsu sai da ta cire kalmar 'yan asalin ƙasa daga sunanta a 2007, ta koma ƙungiyar maginan tukwane ta Ruwanda, kafin a bar ta ta ci gaba da aiki.